Littafin Limamin Tasha

Yaran da ke zama a rumfata yanzu suna ganin gyaran littafi aikin rabin yini ne: a shafa gam, a manna kwali, a danne da dutse, a miƙa wa mai shi. Wani ma ya ce mini, cikin ladabi dai, wai sana'armu hutu ce tunda a inuwa ake yin ta. Ni ban iya gardama da baki ba, tun ina saurayi haka nake, shi ya sa na ga gara in rubuta. Labarin aiki ɗaya zan ba ku, da na mutumin da ya kawo shi, tun zamanin Turawa.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Baba Modu shi ne dama kunun liƙi. Baba Modu baduku ne, Babarbare, kakanninsa daga wajen tafkin Chadi suka zo Haɗeja, kuma duk faɗin kasuwa shi kaɗai malamai suke yarda su bar wa littafi ya kwana. Ni kuwa ɗalibi ne, daga Miga aka kawo ni karatun littattafai a zauren wani malami a cikin gari. Da safe karatu, da hantsi rumfa. Na zaɓi wurin ne don in riƙa taɓa littattafan da ba ni da halin mallaka. Da garin alkama ake yin kunun, a tace shi sau biyu, a zuba ruwan ɓawon maɗaci don gara da kyankyaso su ɗanɗana su gudu. In ya yi ruwa takarda ta kumbura, in ya yi kauri ya bushe ya tsage. Wata uku ina dama kunu kafin a bar ni in taɓa wuƙa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Wuƙa biyu, ɗaya ta yanka, ɗaya ta kankare bakin fata har ya yi laushi kamar ganye. Basilla, zaren auduga da aka bi da kakin zuma, ƙarfen zane, da wani ƙashin haƙarƙarin saniya da ya yi santsi don tsufa, da shi ake goge fata a kan kwali. Sai katako biyu da dutsen niƙa na dannewa. Fata daga majema muke ɗaukowa, ta akuya, a rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Ko kwalin ma mu ke yin abinmu, tsofaffin takardun kanti muke liƙawa ɗaya kan ɗaya.

Wani malami daga Birniwa ya taɓa kawo Alƙur'ani rubutun kakansa, ya zauna a bakin rumfa kwana uku yana gadin hannuwanmu, kada wani ya taɓa ba alwala. Ko atishawa na yi sai ya ɗago kai. Irin waɗannan littattafan ba a ɗinke su, ganye-ganye ne. Mu namu mu yi musu bango mai harshe, wato leɓen fata da ke naɗowa ya rufe bakin takardun, mu ƙawata fuskar bangon da zane, sannan mu ɗinka gafakar ratayawa. Na bugun Masar su ne ɗinkakku, a kansu na koyi ɗinki. Sauran masu zuwa kuwa Fulani ne masu son kuben wuƙa da rufin laya. Babbansu a tsokana shi ne wani Buba, mai kai shanu tasha. Shi da Baba Modu ba sa haɗuwa su rabu ba su yi wa juna tsiya ba, irin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari.

Rabaran Barnaba limamin cocin Angilika ne a Malam Madori, inda tashar jirgin ƙasa take. Mutumin ƙasar Zazzau ne, dogo, mai dariya da kafaɗa. Cocinsa ɗan ginin ƙasa ne mai jinka, mutanensa ma'aikatan jirgi ne da akawun kantuna, yawancinsu daga kudu. Turawan mulki ba su yarda a yi wa'azin Kirista a cikin gari ba, shi ma bai taɓa gwadawa ba. Amma babu lungun da kekensa bai sani ba. Matan da mazansu suka tafi yaƙin Turawa shi suke kai wa wasiƙa ya karanta, ya rubuta amsa. Yana wanke gyambo, yana ɗaure ƙafar mai kurkunu. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne binne baƙi. Jirgi kan sauke mara lafiya wanda ba shi da kowa, ya cika a gindin bishiya. In Kirista ne Rabaran ya yi masa addu'a. In Musulmi ne ya hau keke ya kira liman, ya tuɓe kwat ya shiga haƙa tare da jama'a, in an tashi salla ya koma gefe ya tsaya. In ba a san ko wane ne ba, shi da liman su zauna su duba kayan mamacin su yi shawara. A nan ya tsufa, a nan aka binne shi, Turawa ba su kai ga tafiya ba. Ranar mahautan tasha ba su yi yanka ba, Musulmin da suka tsaya bayan dangar coci kuma sun fi na ciki yawa.

Aikin da nake nufi ya zo ne a shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye shinkafar Auyo. Shekara ce mara daɗi ga kowa, har mu. Fata ta yi fumfuna a rataye, kunun liƙi ba ya kwana bai yi tsami ba, mutane kuma ta hatsi suke yi ba ta bangon littafi ba. Mahaifina Malam Idi ya aiko daga Miga cewa ruwa ya taɓa gonarsa, yana neman hannu don noman fadama da zarar ruwa ya janye. In Baba Modu ya shaida cewa hannuna ya nuna, in zauna. In bai shaida ba, in tattaro karatu da dukanci in dawo gida. Baba Modu ya saurari ɗan aiken, ya ce cikakken aikin da zai fara shigowa rumfar nawa ne, a kansa za a yanke magana.

Bayan kwana huɗu sai ga Rabaran ya jingine keke, da wani ƙunshi a hammata.

"Limamin tasha, yau kuma wa ya mutu?" in ji Baba Modu.

"Babu wanda ya mutu, Baba Modu. Littafina ne ke jinya."

Ashe ya shiga kwale-kwale ne ya kai kwinin na zazzaɓi da gishiri ƙauyukan da ruwa ya kewaye wajen Auyo, kwale-kwalen ya hau kututture ya kife. Mai tuƙin ya ce abin da ya fara fitowa daga ruwa hannun Rabaran ne riƙe da littafi, sannan kansa. Hula ta tafi, takalmi ɗaya ya tafi, bangon littafin ma ya bi su. Littafin addu'arsa ne, bugun boko, ya kumbura kamar an jiƙa burodi.

Idon Baba Modu ya fara yin yana a lokacin. Ya shafa littafin, ya shinshina, ya turo mini. Rabaran ya zo ya zauna kusa da ni a kan buzu, ya kira ni Malam Sale. Kafin ranar babu wanda ya taɓa haɗa sunana da malam. Ya ciro wata takarda ɗaya da ta rabu da sauran, cike da rubutun fensir, shi ya sa ruwa bai wanke ba. Ya ce sunayen baƙin da ya binne ne, da garin kowa, da inda kabarinsa yake, don dangi kan zo nema ko bayan shekaru. Ya roƙa a liƙa masa ita a cikin bango ta farkon littafi. Sauran kuwa in yi yadda muka saba yi wa malamai, ya ga aikinmu yana burge shi.

"Akwai abin da kake son tambayata?"

Akwai, sun kai biyar. Na dubi yatsun ƙafata na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Abin da na yi kawai, na lura da yadda yake riƙe littafin, na ɗiga gawayi a gefen sama don kada in juya rubutun ƙasa.

Jiƙaƙƙen littafi ba ya son rana. Wanda ya shanya shi a rana ya gama da shi, takardu za su murɗe su kama juna har abada. A ƙuryar rumfa na yi aikin, inda iska ke ratsawa. Na kwance tsohon zare, na riƙa raba ganyen da gashin kaza, ɗaya bayan ɗaya, ina sa ƙyalle mai tsabta a tsakani, in canza shi safe da la'asar. Tunda ban iya boko ba, ban yarda da idona wajen jeri ba. Kafin in ɗaga kowane ganye sai na sa masa 'yar lamba irin tamu a kusurwa, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Na fara ƙirga daga inda duk littafin da na taɓa buɗewa a duniya yake farawa, wato daga dama. Inda ya yage na yi masa ƙari da siririyar takarda. Na ɗinke, na zaɓi jar fatar da fumfuna bai taɓa ba, na yi bango mai harshe, na zuba zane a fuska har da ƙaramin dagi a tsakiya. Na liƙe takardar sunaye a cikin fuskar, na danne. Kwana goma sha biyu na yi.

Baba Modu yana da yadda yake gwada aiki. Ya kama littafin ta bango ɗaya ya girgiza, ya kai hanci ya ji ko kunu ya yi tsami, ya bi ɗinkin da farce. Sannan ya buɗe daga dama, ya bi ganyen da yatsa har ƙarshe, ya ce ba laifi. Shekara biyu ina wurinsa ban taɓa jin ya ce wa aikin wani ba laifi ba. Amma ya ce ba zai aika wa mahaifina ba sai mai littafi ya buɗe abinsa ya ce ya gamsu. Ran Asabar na bi masu jakuna zuwa tasha. Ban tarar da Rabaran ba, ya tafi duba mara lafiya. Na bai wa maiɗakinsa littafin a cikin gafakarsa, ta ba ni ruwa da ƙuli-ƙuli, na juyo.

Ran Talata Buba ya faɗo rumfa, tun daga nesa haƙoransa a waje. Ko gaisuwa bai gama ba.

"Babarbare, ashe kun musuluntar da littafin Rabaran."

Ya ce duk tasha labarin ake yi. Ran Lahadi Rabaran ya tsaya gaban jama'arsa, ya zaro littafi daga gafaka, kowa yana sha'awar jar fata. Ya buɗe ta fuskar ado, sai ya ga rubutu ƙafa a sama. Ya juya, ya sake buɗewa ta fuskar, sai ga shi a shafin ƙarshe. Ya sake juyawa, harshen bango ya faɗo masa a hannu. Daga nan dariya ta kama shi, har masu waƙa suka kama, aka daɗe kafin a fara addu'a. Littafin boko, in ji Buba, daga hagu ake buɗe shi, ko yaran tasha sun san haka. Yanzu ana cewa a rumfar Barebari littafi da baya yake tafiya.

Baba Modu ya ce, "Kai Bafillatani, tun da uwarka ta haife ka ka taɓa sanin gaban littafi da bayansa?"

"Ban sani ba," in ji Buba. "Ashe mu biyu ne."

Maƙwabtan rumfa suka kwashe da dariya. Baba Modu bai yi ba. Da Buba ya tafi ya tambaye ni ko na tambayi mai littafi ta ina ake buɗewa. Na ce a'a. Ya ce ko hana ni ya yi. Na ce a'a, shi ma ya ce in tambaya. Baba Modu ya ce hannuna ba shi da aibi, amma mai gyaran da ba ya iya buɗe baki ya tambayi mai kaya wata rana sai ya ɗinke wa malami gado a juye. Ran Juma'a akwai masu tafiya Miga, in shirya. Bai ambaci cewa shi ma daga dama ya buɗe ba, ni ma ban tuna masa ba.

Kashegari da hantsi muka ji ƙararrawar keke. Rabaran ya zauna, ya ajiye littafin a kan buzu. Bai ɓoye ba, ya ce a juye yake. Amma ya ce ɗinkin ya fi na asali ƙarfi, kuma ya bi shafi-shafi bai ga ganye ɗaya da ya bar wurinsa ba, abin da ya ba shi mamaki ga wanda bai san harafin boko ko ɗaya ba. Laifin nasa ne da bai faɗa ba, kuma zai iya zama da shi a haka. Baba Modu ya ce a rumfarsa mai kaya ba ya ɗaukar laifin mai aiki, kuma littafin ba zai ci gaba da yawo da sunansa a haka ba, sai an cire an gyara. Matsalar takardar sunaye ce. Ta sha ruwa sau ɗaya, ta sha kunu, kuma na liƙe ta sosai. Ɗaga ta sai da tururi, tana iya narkewa a hannu. Shi idonsa ba zai iya ba. Rabaran ya ce to a bar wa Malam Sale. Baba Modu ya ce Sale tafiya zai yi. Rabaran ya ce ai yau Laraba ce.

Aka ɗora tukunya a murhu. Ruwa ya fara motsi, na ɗauki littafin, su biyun sun zuba mini ido. Akwai abin da ke cina tun ɗazu, na ga babu mai niyyar faɗa. Muryata da ta fito ni kaina ban gane ta ba.

"Ranka ya daɗe, ko za ka kwafe sunayen a wata takarda tukuna? In ta yage, kada su tafi."

Rabaran ya dubi Baba Modu, Baba Modu ya dubi tukunya. Sai kafaɗun Rabaran suka fara rawa. Ya ce shekara nawa yana yawo da takardar nan a kan ruwa da tudu, tunanin bai taɓa zo masa ba. Aka sauke tukunya. Ya zaro fensir, na ba shi takardar kanti mai kyau, ya riƙa kwafewa yana karantawa a fili. Wani ɗan ci-rani daga Damagaram da ya bar sanda da buta. Wata tsohuwa daga Lakwaja da ta zo neman ɗanta ta iske an yi masa canjin tasha. Wani da ba a san sunansa ba, an rubuta shi da mai tabo a kunne. Baba Modu ma ya san biyu a ciki, ya yi musu addu'a.

Tunda baki ya buɗe, sai na ci gaba. Na tambayi wane ne shafin farko, ya nuna. Na tambayi yadda zan gane shi a wani littafin, ya nuna mini manyan haruffan suna da lambobinsu, ya rubuta mini ɗaya zuwa goma a ƙasa da tsinke, na rubuta namu a ƙarƙashi. Na tambaya ko harshen bangon yana damunsa, ya ce a bar shi, yana tare ƙura. Daga nan na juya ga Baba Modu na tambaye shi ko dole ne a yanka sabuwar fata, tunda zanen da na yi ba shi da sama ba shi da ƙasa. In an ciro cikin littafin aka juya shi aka mayar, fuskar ado za ta koma ta hagu. Ya karɓi bangon ya juya shi sau biyu a hannu, ya ce in gwada.

Ɗaga takarda da tururi aikin haƙuri ne. Ba a kanga ta kai tsaye. Ƙyalle ake shimfiɗawa a bakin tukunya, a kanga bayan bangon kaɗan, a janye, a soka gashin kaza a kusurwa, a ji ko kunu ya saki. In bai saki ba a koma. In an yi gaggawa takarda ta rabu biyu, rubutu ya zauna a kwali. Daga hantsi har azahar ina abu ɗaya, gumi yana ɗiga, ina kawar da kai kada ya faɗa a kai. Ta fito, sai kusurwa ɗaya da ta zauna, kamar faɗin farce, babu rubutu a wurin. Na mayar da cikin littafin yadda ya kamata, na liƙe takardar ta gefe ɗaya kawai don a iya cire ta nan gaba, na danne da dutse. Rabaran ya tafi, ya ce zai dawo jibi.

Ran Juma'a da safe na zo rumfa da ƙunshin kayana, don ba a ce mini an fasa ba. Rabaran ya iso, Buba ma ya zo, wai kube ya zo karɓa. Na ɗaga dutse. Baba Modu ya girgiza littafin, ya shinshina, ya bi ɗinki da farce. Da ya zo buɗewa sai ya tsaya, ya ce, "Sale, ta ina?" Na nuna masa. Ya buɗe, ya bi ganyen, ya miƙa wa mai shi. Rabaran ya buɗe ta hagu, ya karanta layin farko a ransa, ya ce ya gamsu, kuma akwai littattafan waƙa a coci da gara ta fara ci, in Malam Sale yana nan.

 Baba Modu ya tambayi Buba ko shanunsa ta Miga za su bi. Buba ya ce ta nan, amma shi ba ɗan aiken Barebari ba ne.

"Yau ka zama. Ka nemi gidan Malam Idi, ka ce masa ya samu wani ya taya shi fadama bana, yaron nan yana da aiki a gabansa." Baba Modu ya tura ƙunshin kayana ƙarƙashin benci da ƙafa. "Ka kuma ce masa ɗansa ya fara magana, har ta soma yawa."